Ranar da Tsohuwa Ta Ɗauke Mini Tsani

Wata rana, a tsakiyar damina, wata tsohuwa ta shanya ni a kan rufin kwano kamar kuɓewa.

Ni fa. Tasi'u kafinta. Wanda duk layinmu ake kira Gobe-da-Safe.

Waɗanda suka san ni sun san ba a yi mini wayo, ni ke yi wa mutane. A aji biyu na sakandare na bar makaranta, kuma don Allah a daina cewa kora ta aka yi. Ƙadangare na saka a aljihun teburin malamin lissafi, ya buɗe, ya daka tsalle ya hau benci, aka ce in zo da babana. Na duba na ga babana yana da abin yi.

Shi ke nan, muka rabu da boko ba faɗa.

Daga nan na kama aikin kafinta. Rufi ne fannina. In na buga miki kwano, Hajiya, ki mayar da robobin tarar ruwa kicin, sun gama aiki.

Amma akwai wani aiki da nake yi a gefe, wanda ban taɓa rubuta shi a allon shagona ba. Yau zan faɗe shi. Mai zagi ya zaga.

Idan mai gida yana son ɗan haya ya tashi, kuma ba ya son wahalar notis da zaryar kotu, ni ake kira.

Ba faɗa. Ba zagi. Ba watsi da kaya a titi.

Gyara ake yi.

Mai gida zai shigo da fara'arsa ya ce, rufin nan ya tsufa, za a canza muku sabo. Ɗan haya har da godiya, har da Allah ya ƙara buɗi. Ni kuma in hau, in yaye kwano uku ko huɗu daidai saitin gado, in sauko in karkaɗe hannu, in ce ƙusa ta ƙare, gobe da safe zan dawo da sabon kwano.

In saɓa tsanina. In kashe waya.

Sauran aikin na hadari ne.

Ruwa biyu ya isa. Mutum zai kwashe jiƙaƙƙiyar katifarsa ya fita da ƙafarsa. In an tambayi mai gida, ya ce shi bai kori kowa ba, kafinta ne ya yaudare shi, ai kun san halin kafintoci.

Gida bakwai na yi wa haka. Ina ba da labari a majalisa ana dariya, ni na fi kowa ƙyalƙyalewa.

To, sai na takwas.

Wani Alhaji ne ya kira ni. Mu ce masa Alhaji Ɗanjummai. Ba sunansa ba ne, amma in ya karanta zai gane kansa. Kwalta ta biyo ta ƙofar gidan hayarsa, yana so ya fasa ɗakunan gaba ya mayar da su shaguna. Kowa ya tsorata ya tashi, saura ɗaki ɗaya.

Ya ce, "Wata tsohuwa ce mai taurin kai. Wai hayarta ba ta ƙare ba sai bayan babbar salla."

Na ce, "Ta ƙare, Alhaji?"

Ya ce, "Tasi'u, tambaya na kira ka ka yi mini?"

Na yi dariya. Na ɗauki tsani da guduma.

Da hantsi na isa. Na same ta a ƙofar ɗaki, a kan kujera 'yar tsuguno, tana tsince wake a faranti. 'Yar ƙaramar tsohuwa, iska mai ƙarfi za ta iya tafiya da ita. Har yau ban san sunanta ba. Inna nake ce mata.

Na yi sallama, na rusuna, na karanto mata karatun da na saba. Gyara, sabon rufi, Alhaji ya ce a gaishe ki.

Ta dube ni. Ta dubi tsanin. Ta dubi jakar kayan aikina.

"Ina sabon kwanon?"

Gida bakwai, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar.

Na ce, "Yana hanya, Inna."

Ta ce, "To."

Ta ci gaba da tsince wakenta.

Da ina da hankali, da wannan "to" ɗin ya ishe ni in koma gida.

Na jingina tsani na hau. Na zare ƙusoshi. Na ɗaga kwano na farko.

Ɗakin ba silin.

Rana ta faɗa ciki, kai tsaye a kan fuskar wani dattijo da ke kwance a gado. Na jira ya kau da kai. Bai kau da ba. Na jira ya sa hannu ya kare idonsa. Hannun yana kan ƙirjinsa, a naɗe, ba ya motsi.

Mijinta ne. Ɓarin jikinsa ya shanye. Alhaji bai gaya mini ba.

Ya ɗago ido ya gan ni a sama, da guduma a hannu. Bakinsa a karkace, ya daɗe yana kokawa da maganar kafin ta fito.

"Sannu... da aiki."

Jama'a, an zage ni a duniyar nan. An zage ni da Hausa, an zage ni da yaren da ban sani ba, ko a jikina. Amma wannan gaisuwar na rasa yadda ake amsa ta.

Kada ku ce tuba na yi nan take. Ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na ce wa raina shi ne, Tasi'u, daina leƙe, yaye biyu ka ƙara gaba.

Sai na ji ƙuuuu a bayana.

Na waiwaya. Ba tsani.

Na leƙa ƙasa. Ga shi can kwance a tsakar gida. Inna ta jawo kujerarta ta zauna kusa da shi, ta ɗora ƙafafunta biyu a kai, tana tsince wake.

Na ce, "Inna, tsanin ya faɗi."

Ta ce, "Bai faɗi ba. Kwantar da shi na yi, ya gaji da yawo gidajen mutane."

Na yi 'yar dariya, irin ta ba komai.

Ta ce, "Ɗan nan, yaya sunanka?"

"Gobe-da-Safe ake ce mini."

"Ba wannan ba. Na yanka. Wanda za a kira sau uku a ƙofar kotu."

"Wace kotu kuma, Inna?"

"Wa ya ba ka izinin yaye mini rufi?"

"Mai gida."

"Mai gidan alƙali ne?"

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ko a tasha. Yau tsohuwa ta kayar da ni.

Ta ajiye farantin. Ko murya ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Shekara ashirin da biyu ina sharar kotu kafin in yi ritaya. Ban iya karanta ko sunana ba. Amma da hannu ake shara, kunnena a buɗe yake.

"Gida nasa ne, ban ce ba nasa ba. Amma muddin hayata tana tafiya, ɗakin nan wurin kwanana ne. In yana son abinsa, ya rubuto a takarda, ya ba ni lokacin da doka ta ce. In lokacin ya cika na ƙi fita, ya kai ni gaban alƙali. In alƙali ya ce fita, ma'aikatan kotu ne za su zo da takarda, ni kuma in ɗaure kayana. A shekara ashirin da biyun nan ban taɓa jin alƙalin da ya ce a je a yaye wa mutum rufi ba.

"Amma irinka na ga uku a tsaye a akwati. Duka ukun, mai gidan cewa ya yi bai san su ba."

Nan dariyata ta ƙare.

Domin wannan maganar ni na san ta. Da ita ake wanke hannu a duk aikin da na yi. Ban taɓa tsayawa na lura cewa a kaina ake wanke shi ba.

Amma girman kai bai bar ni ba. Na ce, "Alhajina ba haka yake ba."

Ta ce, "Kira shi. Ka buɗe murya mu ji."

Kafin nan matan maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga. Mai shayin bakin layi ya baro tukunyarsa ya shigo. Kwano kuma ya fara ɗaukar zafi, ina jin sa ta cikin wando.

Na kira. Na buɗe murya.

"Alhaji, Tasi'u ne. An samu matsala. Mutane sun taru, ana maganar kotu, ana tambayar wa ya sa ni."



Sai ya ce, "Wane Tasi'u? Malam, ni gyara na ce a yi. In ka je ka ɓata wa bayin Allah rufi, kai ka sani."

Ƙit.

Tsakar gida ta kwashe da dariya. Mai shayi har da riƙe ciki. Wata daga kan katanga ta ce, "Gobe-da-Safe, yau kuma sai yaushe?"

Inna ba ta yi dariya ba. Gabas ta nuna mini da haɓa.

Hadari ya fara haɗuwa. Baƙi ƙirin.

Ta ce, "Malam ba ya ɗaguwa sai da maza biyu. In ruwan can ya sauko a kansa, ni da kai sai gaban alƙali. In ka mayar da abin da ka cire, ga tsaninka."

Masu cewa me ya sa ban diro ba: zan iya. Na sha dirowa daga inda ya fi nan. Turmi ne a ƙasa, kuma ina son ƙafafuna.

Na mayar da kwanon.

Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba. Inda ƙusa huɗu take na sa takwas. Na ga wata tsohuwar huda a kwanon gefe, ba ni na yi ta ba, na toshe ta. Ina buga ƙusar ƙarshe ɗigon farko ya sauka a ƙeyata.

Inna da mai shayi suka ɗaga tsanin. Na sauko kamar kazar da aka tsamo daga randa.

Ta miƙo mini ruwa a moɗa. Na shanye. Na saɓa tsani zan sulale.

Ta ce, "Ba mu gama ba. Yau kai ya aiko, gobe wani zai aiko. Akwai ofishin lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi kyauta, na san wurin. Za ka raka ni ka faɗi abin da ka sani. Gobe da safe."

Ta ƙara da cewa, "Irin nawa, ba irin naka ba."

Ku rubuta wannan a tarihi. Tun da na fara sana'a, ranar ce ta farko da na ce gobe da safe kuma aka gan ni da safen.

Ba tsoro ba ne. To, da ɗan tsoro. Amma abin da ya fi ci na shi ne "wane Tasi'u". Ni? Ni za a ce wane Tasi'u?

Muka hau a-daidaita-sahu muka je. Ina zaton sai ka sa babbar riga ake sauraronka a irin wurin. Benci ne kawai da layi, da mutane irinmu. Aka kai mu gaban wata Barista, matashiya, da tabarau.

Inna ta kwance bakin zaninta ta fito da mukulli, ta buɗe wani tsohon gwangwanin madara da ta sa wa ɗan kwaɗo. Rasit ne a ciki, na kowace shekara, a naɗe a leda. Ba ta iya karanta su ba, amma ba ta taɓa biyan haya ta tashi ba tare da an rubuta mata ba.

Barista ta duba su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Inna, kin rage mini rabin aiki."

Ta juyo gare ni. "Kai ne kafintan?"

Na ce, "Ni ne. Wanda ya fi kowa a garin nan."

Ta ce, "A rufi ko a yayewa?"

Na ce a ci gaba da abin da ya kawo mu.

Na faɗi komai. Ta rubuta. Ta gaya mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cewa abin da nake yi zai iya kai ni inda ba a zuwa da guduma, kuma "sa ni aka yi" ba ya wanke mutum. Sannan ta buga wasiƙa zuwa ga Alhaji: kada a ƙara taɓa rufi, ko ƙofa, ko wuta, ko ruwan ɗakin nan. In yana son ɗakinsa, ga hanyar da doka ta shimfiɗa. In ya ƙi, a haɗu a kotu, kuma akwai mai shaida.

Ta ce za a aika masinja ya kai.

Na ce, "Ranki ya daɗe, a bar mini wannan ladan."

Ta ce in dai zai sa hannu a kwafin cewa ya karɓa.

Na biya ta wurin masu buga kati, na roƙi ambulan irin na ɗaurin aure, mai zanen fure da ruwan gwal. Na zura wasiƙar. Na jira bayan La'asar, lokacin da majalisar Alhaji take cika.

Na yi sallama, na durƙusa, na miƙa da hannu biyu.

Ya ga ambulan ya washe baki. "A'a! Tasi'u, aure za a yi?"

Na ce, "Au, Alhaji, yau ka gane ni?"

Ya buɗe. Yana karantawa murmushin yana tsiyayewa. Na kusa da shi ya leƙa, ya karanta, ya miƙa wuya ga na gaba. Kafin minti biyu duk majalisar ta san abin da ke ciki.

Na miƙa masa biro. "A sa hannu a nan, ranka ya daɗe. Barista tana jira."

Ya sa hannu a fusace. Ya ce, "Wallahi ka gama samun aiki a garin nan."

Na ce, "Alhaji, muddin ana ruwan sama, ina da aiki."

Na karɓe birona. Nawa ne.

Bayan sati ɗaya notis ya zo wa Inna. A rubuce, da kwanan wata, da lokacin da ya kamata. Ta kai wa Barista ta duba, aka ce daidai ne. Inna ta naɗe shi ta sa a gwangwani.

Ba ta cinye gidan ba. Ba ta nemi ta cinye ba. Abin da ta nema shi ne kada ruwa ya taɓa mijinta, kuma kada a fitar da su kamar ɓeraye.

Damina ta ƙare a kan rufin nan, ko ɗigo bai sauka a gadon Malam ba. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai na biya na leƙa. Ina ce wa mutane aikina nake dubawa.

Su bakwai ɗin baya kuwa, biyu kawai na iya samowa. Ɗaya ya ce ya yafe. Ɗaya ya biyo ni da taɓarya har bakin titi. Shi ma da gaskiyarsa.

Da lokacin Inna ya cika, ta riga ta sami ɗaki kusa da 'yarta. Ita ta zaɓi ranar tashi. Ta share ɗakin tas, ta kirga tagogi da ƙofa a gaban shaidu, ta ba da mukulli da hannunta.

Ni da mai shayi muka ɗauko Malam. Ni na riƙe wajen kai. Muna saka shi a mota ya ɗago ido ya dube ni, irin kallon ranar nan. Ya yi ta kokawa da bakinsa.

"Sannu... da aiki."

Na ce, "Yawwa, Baba. Yawwa."

Wata bakwai amsar nan tana maƙale a wuyana.

Darasi:

Ɗan haya ba baƙon alfarma ba ne. Ka biya, kana da haƙƙi. Mai gida yana da ikon neman gidansa, amma ta takarda da lokaci da kotu, ba ta guduma ba. Yaye rufi, cire ƙofa, yanke wuta, sa kwaɗo a ɗakinka, duk ba notis ba ne.

Kada ka biya ko sisi ba rasit. Inna ba ta iya karatu ba, gwangwaninta ya yi magana.

In an ce za a yi maka gyaran rufi, ka ce ina sabon kwanon. Ka gan shi da idonka kafin a zare ƙusa ɗaya.

Tsawon notis ya danganta da jiharka da irin yarjejeniyarku, don haka kada ka ɗauki fatawa a wurin kafinta. Ka nemi lauya. Akwai masu yi kyauta, kuma ba a tambayar ajin da ka tsaya.

Ku kuma 'yan'uwana masu guduma da filaya, da ake aika mu irin wannan aikin: ranar da ta ɓaci, wanda ya aike ka zai ce wane Tasi'u.

Ban ce ku riƙa ɗauke wa mutane tsani ba. Amma in kun ɗauke, ni ban gani ba.

Ku tura wannan ga duk ɗan hayar da kuka sani, da duk mai gidan da kwalta ta biyo ta ƙofarsa. Wanda ya karanta bai tura ba, na san rufinsa.